Wasiƙa Daga New York Kan Masu Jan Ibada a Majami'ar Yahudawa

New York, Amurka,
20 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da ku, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da Goggo da sauran mutanen gida baki ɗaya. Ni ma a nan lafiya ƙalau nake, sai godiyar Allah.

Baba, dalilin wannan wasiƙa shi ne tambayar da kuka yi mini a waya, sa'ad da na ce muku aiki ya sha mini kai saboda bukukuwan Yahudawan da nake gadin majami'arsu tare da kula da ginin, kuka ce in gaya muku wane ne yake yi musu limanci a irin waɗannan ranaku. Na nemi ku ba ni lokaci in rubuto, domin amsar ta fi ƙarfin hirar waya, kuma na san ku da son a bi magana daki-daki. Abin da zan faɗa, wani idona ne ya gani ina tsaye a bakin ƙofa ko ina kai-komo a cikin zaure, wani kuma dattawan wurin ne suka bayyana mini da bakinsu, don mutane ne masu son a tambaye su. Game da addinina kuwa hankalinku ya kwanta: aikina ƙofa ne da fitilu da kujeru, ba na shiga ibadarsu, ba su kuma taɓa nemana da in shiga ba, har ma akwai ɗakin da suka bar mini nake sallolina a kan lokaci.

Watan da suke kira Tishri shi ne mafi cika da ibada a shekararsu. Ranar ɗaya da ta biyu ga watan su ne Rosh Hashana, wato sabuwar shekara, wadda bana ta faɗo 23 da 24 ga Satumba, suka shiga shekara ta 5786 a lissafinsu. Goma ga wata ita ce Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara, wadda ta kama 2 ga Oktoba. Kwana biyar bayanta sai Sukkot, bikin bukkoki na mako guda, sannan a rufe da Simhat Tora, ranar saukar karatun Attaura, wadda aka yi 15 ga Oktoba. Watanninsu da wata suke tafiya, amma suna ƙara wata na 13 har sau 7 a cikin kowace shekara 19, shi ya sa bukukuwan ba sa zagaya shekara, kullum sai zafin ƙasar nan ya fara ja baya suke zuwa. Majami'ar da nake aiki ta masu riƙo da tsohuwar hanya ce, waɗanda ake kira Otodoks, kuma a ranar biki ba sa taɓa waya ko kuɗi, ba sa rubutu, ba sa tuƙa mota, ba sa kunna wuta ko kashe ta. Ku riƙe wannan, domin yawancin dabarun shugabanninsu daga nan suka samo asali.

Gajeriyar amsar tambayarku ita ce ba su da mutum guda da za a nuna a ce shi ne liman. An rarraba aikin tsakanin mutane da dama, biyu ne kawai a cikinsu ake biya, sauran duk 'yan majami'a ne masu sana'o'insu, waɗanda ranar aiki za ka gan su a asibiti ko ofis ko kanti.

Wanda baƙo zai fara ɗauka a matsayin liman shi ne rabai, wato malaminsu, saboda kujerarsa tana gaba, daf da taskar da ake ajiye Attaura. Amma a mafi yawan sa'o'in ibada yana wurinsa ne, yana bin littafi da ido yana amsawa tare da jama'a, wani daban yake ja. Matsayinsa na ilimi ne. Ya yi shekaru yana karatun Attaura da Talmud, wato babban kundin bayanan malamansu na dā, da hukunce-hukunce kafin malamansa su ba shi ijazar da suke kira semika, kuma a nan birnin akwai makarantun da ke yaye irinsu, kamar ta jami'ar Yeshiva da ke arewacin Manhattan. Saboda haka fatawa tasa ce. A makon da ke gaban Yom Kippur wayarsa ba ta hutawa: mai ciwon sukari, da mace mai juna biyu, da tsohon da likita ya ɗora wa magani, kowa yana son ya ji ko zai ɗauki azumi ko zai sha, shi kuma yakan nemi jin ta bakin likita kafin ya yanke, domin a wurinsu tsare rai yana gaban azumi. Shi ne mai wa'azi a kowace ranar biki, kuma in wata matsala ta taso ana tsakiyar ibada, gare shi ake juyawa, abin da ya faɗa ya zauna. Duk da wannan girma, ma'aikacin jama'a ne. Kwamitin majami'a ne ya ɗauke shi da kwantiragi na wasu shekaru, in wa'adi ya cika a zauna a duba ko za a sabunta. Babu wata hukuma a sama da ta turo shi, babu gwamnati ko sarkin da ya naɗa shi.

Wannan tsari yana da tushe. Tun da Rumawa suka rushe Haikalinsu na Birnin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya, yanka da hadaya suka tsaya, addu'a ta maye gurbinsu, kuma sharaɗin addu'ar jam'i a wurinsu shi ne a samu maza goma da suka kai shekara 13. In goman nan sun cika, duk wanda ya iya a cikinsu yana iya wucewa gaba, ko da rabai ko babu. Tarihinsu a ƙasar nan ma ya nuna haka. Yahudawan farko, su 23, sun sauka a wannan gari a 1654 daga Recife ta ƙasar Burazil, lokacin garin yana hannun mutanen Holan ana kiran sa New Amsterdam, kuma jama'ar da suka kafa, Shearith Israel, tana nan har yau a gefen Central Park. Amma rabai mai ijaza na farko da ya zo ya zauna a Amurka, Abraham Rice, sai a 1840 ya iso daga Jamus ya sauka a Baltimore. Ke nan shekara 186 cur 'yan kasuwa da masu jan addu'a ne suka riƙe musu bukukuwan nan.

Mai jan addu'a shi ne hazan, suna kuma ce masa wakilin jama'a. Yana tsayawa fuskarsa na kallon taskar Attaura, wato wajen gabas inda Ƙudus take, bayansa ga mutane, yana rera addu'o'in da Ibrananci jama'a na amsawa. Tun da ba a kunna lasifika, da ƙarfin ƙirjinsa zai kai muryarsa har saman bene inda mata suke, kuma haka zai yi sa'o'i a tsaye. Kowane biki da ƙira'arsa da aka gada, ta dare daban, ta safiya daban, ta rana daban, tsofaffin wurin kuma sun san su tun suna yara, in ya kauce ko kaɗan sai ka ga kawuna sun ɗago daga kan littafi. Littattafan hukuncinsu sun fi son wanda zai ja ibadar waɗannan ranaku ya kasance ya kai shekara 30, yana da iyali, an shaide shi da halin kirki, jama'a kuma sun yarda da shi. Ana son daɗin murya, amma yana bayan waɗannan.

A nan mutum biyu suke raba aikin. Addu'ar safiya wani ɗan majami'a ne yake ja, akanta ne a wani kamfani, a bakin mahaifinsa ya koyi ƙira'ar, ba a biyan sa ko sisi. Doguwar addu'ar da ke biye, wadda suke kira musaf, ita ce ta hazan ɗin da aka ɗauko da kuɗi musamman don wannan wata. Kafin ya fara, akwai addu'ar da yake yi shi kaɗai jama'a na saurare, wadda wani dattijo ya fassara mini ma'anarta: yana cewa ga shi nan matalauci a wajen kyawawan ayyuka, yana rawar jiki, ya zo roƙo a madadin waɗanda suka aiko shi alhali bai cancanta ba, kada a kama su da laifinsa. A ganina ba ƙaramin abu ba ne a sa mutumin da ya fi kowa murya a zaure ya buɗe baki da wannan, ko da yake Allah kaɗai ya san wanda yake faɗa daga zuciya da wanda yake rerawa kawai. An yi zamanin da hazan yake tauraro a garin nan. Yossele Rosenblatt, wanda ya zo Amurka a 1912, a Harlem ya yi aiki, a majami'ar Ohab Zedek da ke kan titi na 116, mutane suna tururuwa don jin muryarsa. Titin nan yau cike yake da 'yan Afirka ta Yamma da shagunan mutanen Senegal da masallaci, nakan bi ta wurin in zan sayi kayan miya. Yahudawan sun daɗe da komawa wasu unguwanni.

Ranar Rosh Hashana ido ya fi komawa kan mai busa ƙaho. Ƙahon rago ne da aka rarake, suna kiran sa shofar, ba shi da ramukan yatsa ko wani abin da zai taimaki mai busa, leɓe ne kawai da numfashi. Ba sa amfani da na saniya, saboda ɗan maraƙin da Bani Isra'ila suka bauta wa a zamanin Annabi Musa. Busar iri uku ce: doguwa guda, sai mai kashi uku, sai gajeru tara a jere, a haɗa su ana maimaitawa har su cika 100 a yini. Mai busar ba ya yin gaban kansa. Rabai yana tsaye a gefensa yana kiran sunan kowace busa kafin a yi ta, in ta fito a gurgunce ko ta yanke kafin lokacinta, sai ya sake kiran sunanta a maimaita. Na wannan majami'a likitan haƙori ne, mutum marar yawan magana, wanda tun wata guda kafin biki yake busawa kowace safiya bayan addu'a, ban da Asabar. A rana ta biyu ƙahon ya ƙi shi da farko, iska kawai ke fita, zaure maƙil da mutane ya yi tsit ba mai ko tari. Bai ruɗe ba. Ya sauke ƙahon ya girgiza shi, ya goge bakinsa da gefen mayafi, ya mayar da shi gefen dama na leɓensa, ƙara ta fito tar. Da aka tashi kowa ya nufi gida cin tuffa da zuma, shi kuwa sai ya sa ƙahon a jaka ya bi gidajen marasa lafiya da tsofaffi a ƙafa, domin wajibi ne a wurinsu mutum ya ji busar da kunnensa.

Amma in kun ce in zaɓi wanda in babu shi komai zai cakuɗe, gabai zan zaɓa, wato mai kula da tsarin ibada. Su biyu ne, babbansu tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Shi ke raba ayyukan girmamawa: wa zai buɗe taska, wa zai ɗauko naɗin Attaura, wa za a kira ya tsaya kusa da mai karatu, wa zai ɗaga naɗin sama, wa zai naɗe shi ya mayar masa da rigarsa. Mutum biyar ake kira ranar Rosh Hashana, shida da safiyar Yom Kippur, bakwai ranar Asabar, kuma akwai jeri: na farko daga zuriyar Annabi Haruna, na biyu daga ƙabilar Lawi, sannan sauran jama'a. Kowa da sunansa na Ibrananci ake kiran sa, wane ɗan wane. Dattijon nan yana da akwatin kati mai ɗauke da sunan kowane magidanci, kuma tun da ba zai yi rubutu a ranar ba, tun jajibiri yake jera katunan yana maƙala musu ƙarfen riƙe takarda don ya gane wanda ke bin wani. Sai ya tuna wanda ranar rasuwar mahaifinsa ta zagayo, da wanda aka yi wa haihuwa, da wanda aka kira bara, da baƙon da ya zo wajen surukansa, da mutum biyun da ba sa ga-maciji don kada ya tsayar da su kafaɗa da kafaɗa. Ya taɓa ce mini wanda aka kira yakan manta kafin ya isa gida, wanda ba a kira ba kuwa yana riƙe da abin har baɗi.

Karatun Attaura kansa shi ne inda na fi tsayawa kallo. Naɗin na fata ne, marubuci ya rubuta shi da hannu da alƙalamin gashin tsuntsu, haruffa 304,805, babu wasali, babu alamar tsayawa, babu alamar ƙira'a. Dole mai karatu ya haddace duk waɗannan daga bugaggen littafi kafin ya zo, sannan ya bi layi da wata 'yar sandar azurfa mai siffar hannu, don ba a taɓa rubutun da yatsa. Mai karatun bana ɗalibin jami'a ne, yaro ƙarami a cikinsu. Gabai biyun suna tsaye dama da hagunsa riƙe da bugaggun littattafai, in ya yi kuskuren da ke sauya ma'ana su gyara masa da ƙarfi ya koma ya sake, wani lokaci ma kafin su buɗe baki muryoyi sun taso daga tsakiyar zaure. Abin ya tuna mini da alarammomin da ke tsayawa bayan liman a tahajjudin goman ƙarshe, waɗanda ba sa barin wasali ɗaya ya wuce su. In kuwa aka ga harafi ya goge ko ya haɗe da maƙwabcinsa, sai a tsaya rabai ya duba, in ya tabbata naɗin ya samu aibi a mayar da shi a ɗauko wani. Akwai ma shakkar da hukuncinsu ya ce a kira ƙaramin yaro da ya san haruffa amma bai san ayar ba, a rufe abin da ke gabanta a nuna masa, yadda ya karanta harafin shi za a bi. Bayan an gama, wanda zai ɗaga naɗin sai gabai ya duba mai ƙarfin damtse, domin a farkon littafi ake karatun sabuwar shekara, nauyin fatar duk yana gefe guda.

Abin da ake karantawa ba baƙo ba ne gare ku. Ranar farko labarin haihuwar Annabi Is'haƙa ne, da fitar Hajara da Annabi Isma'ila zuwa jeji har ruwansu ya ƙare Allah ya nuna mata rijiya. Rana ta biyu labarin yankan da aka umarci Annabi Ibrahim ne, sai dai su a wurinsu Is'haƙa ne ɗan da za a yanka, kun kuwa san saɓaninmu da su a kan haka. Ragon da aka fanshe shi da shi ne suke tunawa da ƙahon nan.

Akwai kuma matsayin da ba ilimi ko zaɓe ke bayar da shi ba, gado ne ta wajen uba. Wajen ƙarshen musaf, zuriyar Annabi Haruna, waɗanda suke kira kohanim, sukan fita 'yan ƙabilar Lawi su zuba musu ruwa a hannu. Ni nake tanadar buta da daro da tawul a bakin zaure. Sai su tuɓe takalma su hau gaban taska, su lulluɓe kai da hannuwa da mayafinsu, su juyo su fuskanci jama'a, hazan yana faɗin kalmomin albarka ɗaya-ɗaya suna maimaitawa. Ba a kallon su a lokacin, uba yakan ja 'ya'yansa ƙarƙashin mayafinsa. Rabai na wurin ba ɗan wannan zuriya ba ne, saboda haka da furfurarsa da iliminsa yana ƙasa ya sunkuyar da kai, wani matashi mai gyaran kwamfuta yana cikin masu sa masa albarka.

Yom Kippur ita ce ke gwada kowa. Azumin yana kai sa'a 25, daga faɗuwar rana zuwa fitowar taurarin washegari, ba ci ba sha, ga addu'o'i kashi biyar. Na san jin goma ga wata zai tuna muku da hadisin azumin da aka tarar Yahudawan Madina suna yi, wannan bincike na bar muku shi ku da malamai. Maza da yawa suna sa farar riga, kowa kuma da takalmin roba ko na yadi, don ba a sa na fata. Da maraicen farko dattawa biyu suke ɗauko naɗin Attaura su tsaya dama da hagun hazan, shi kuma ya rera Kol Nidre, wato kalmomin da ake buɗe ibadar ranar da su, sau uku da harshen Aramaik, kowane karo muryar na ƙara ɗagawa. Zaɓen dattawan nan biyu ma aikin gabai ne, kuma ana yin sa da lissafi. Da rana akwai wuraren da suke sujada, goshi har ƙasa, abin da ba sa yi sai a waɗannan ranaku na farkon shekara, kuma da yake ba sa yin ta a kan tsuran dutse, tun da safe nake ajiye takardu a ƙarshen kowane layi su shimfiɗa. Shi hazan ba ya raba ƙafafunsa tun da ya fara addu'ar, don haka mutum biyu ne suke janye teburin da ke gabansa, in ya gama sujada su kama shi ta hammata su miƙar da shi. Da la'asar ana karanta littafin Annabi Yunusa ɗungurungum, kuma kiran mutum ga wannan karatu yana cikin manyan girmamawa. Addu'ar ƙarshe, Ne'ila, rabai ne da kansa ya ja ta, taska a buɗe, mutane a tsaye duk da yunwa, muryarsa ba ta kai ta hazan daɗi ba amma babu wanda ya damu. Aka rufe da busa guda doguwa.

A bayan duk waɗannan akwai shugaban jama'a, wanda ake zaɓa na ɗan wa'adi, shi ma ba a biyan sa. Kuɗi da gini da ma'aikata, har da ni, a hannunsa da kwamitinsa suke. Da yake ba a yawo da faranti ranar biki, iyalai suna biyan kuɗin shekara, kujerun wannan wata kuma da tikiti ake raba su tun kafin lokaci, wanda ba shi da hali a ba shi ba tare da an tona masa asiri ba. Daren Kol Nidre shugaban yakan tashi ya nemi gudummawa, kuma dabararsu ta burge ni: kowa yana tarar da kati mai sunansa a kujerarsa, gefensa a tsattsage kunne-kunne, kowane kunne da adadin da aka buga a kansa, sai mutum ya lanƙwasa wanda ya yi niyya ya miƙa, a biya bayan biki. Ba a taɓa kuɗi ba, ba a yi rubutu ba.

Tsaro ma yana wuyansa. Tun harin Pittsburgh na 2018, inda aka kashe mutum 11 a majami'a, wurare da yawa suka ƙara masu gadi. Bana da asubahin Yom Kippur labari ya zo cewa an kai hari majami'ar Heaton Park da ke Manchester a Ingila, mutum biyu cikin masu ibada suka rasa ransu. Da yake su ba sa taɓa waya, ni da 'yan sandan da ke bakin titi muka riga su ji. Shugaban na fara gaya wa, ya je ya raɗa wa rabai, nan take suka yanke a rufe ƙofofin gefe a bar guda, a ƙara 'yan sa-kai a bakinta, a sanar da jama'a a taƙaice bayan karatun Attaura. 'Yan sa-kan nan sun fi ni amfani a wannan rana, domin sun san fuskar kowa har da jikokinsa. Ba a tsayar da ibada ba.

Mata a wannan majami'a ba sa jan addu'a kuma ba a kiran su karatu, amma ma'ajin kwamiti mace ce, mata ne ke tafiyar da ibadar yara a ɗakin ƙasa, kuma rabon kujeru, wanda ya fi komai jawo rigima, wata dattijuwa ce take yin sa ba mai ja da ita. A majami'un masu sassauci da ake kira Reform da Conservative kuwa, waɗanda suke da yawa ƙwarai a Amurka, maza da mata tare suke zama, ana kunna lasifika, kuma mace tana zama rabai ko hazan. Mace ta farko da aka ba ijazar rabai ita ce Regina Jonas a Jamus a 1935, wadda aka kashe a sansanin 'yan Nazi na Auschwitz a 1944. A Amurka Sally Priesand ce ta fara a 1972. Saɓaninsu a kan wannan ba ƙarami ba ne, wasu dattawan wurin aikina ba za su taka waɗancan majami'u don ibada ba.

Sukkot ya fi sauƙi. 'Yan majami'a ne da kansu suka kafa bukka a bayan gini, na taya su ɗaukar katako, rabai ya zo ya duba rufin rassan ya tabbatar inuwa ta fi rana yawa. Ranar Simhat Tora aka fito da dukan naɗe-naɗen Attaura aka zagaya zaure da su sau bakwai ana rawa, aka kira kowane namiji karatu, yara ma aka tara su ƙarƙashin babban mayafi guda. A ranar ake karrama mutum biyu da suke kira angwaye, ɗaya a kira shi ga ayoyin ƙarshe na Attaura, ɗaya ga na farko, domin ana saukewa ake sake ɗaukowa. Na zaci masu hannu da shuni za a ba, sai aka ba tsohon da ke jera littattafai bayan kowace ibada, da mutumin da yake buga wa mutane waya da sanyin safiya a ranakun aiki in goma ba su cika ba.

Jiya kwamiti ya zauna a kan hazan ɗin da aka ɗauko, ina jera musu kujeru ina jin su. Wasu sun ce ya ja musaf ya yi tsawo har tsofaffi suka galabaita, wasu suka ce shekaru ke nan ba su ji Kol Nidre irin tasa ba, wani kuma ya kawo shawarar a bar wa akantan nan duka biyun a huta da biyan kuɗi, akantan ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Rabai yana zaune ya faɗi ra'ayinsa sau ɗaya, amma ƙuri'a ta 'yan kwamiti ce, sun kuma ɗage maganar sai watan gobe.

Ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a. A gaishe mini da Inna da Goggo da Kawu da Yaya da ƙannena duka, da liman da mutanen masallacinmu. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, amin.

Wassalam,
Ɗanku da ke New York.